Ranar da Littafin Carrowby Bai Rubuta Ba

"Kakanninki huɗu kawai nake so, 'yata. Sunayensu da gidajen da suka fito. Ba jarrabawa ba ce, daina matse yatsu."

Tamsin Rowe ta yi dariya ta saki hannunta. Mai maganar Ledi Araminta ce, ƙanwar mai sarautar gidan, Lod Carrowby, wadda kowa a gidan ke kira Gwaggo Minta, har waɗanda suka girme ta. Ta warware doguwar takardar asalin gidan a kan teburin ɗakin karatu, ta danne gefe ɗaya da butar shayi, ɗaya gefen da kwandon tuffa. Al'adar Carrowby ce tun shekara ɗari uku: duk amaryar da za ta shigo, sai an rubuta kakanninta huɗu a takardar nan kafin a ɗaura aure. Saura mako biyu da 'yan kwanaki bikin Tamsin, har an karanta sanarwar auren ta farko a coci ranar Lahadin da ta wuce.

Angon, Crispin, yana zaune a bakin taga yana gatsar tuffa yana tsokanar gwaggonsa. Ya ce wa Tamsin kada takardar ta ba ta tsoro, Lod na farko ɓarawon tumaki ne da ya taki sa'a sarki ya so shi, na huɗu kuwa ya auri 'yar mai giya don a gyara rufin gida. Gwaggo Minta ta harare shi ta saman tabarau ta ce ya rufe mata baki, ai shi ma ta wannan rufin ya tsira daga ruwan sama.

Tamsin tana son wannan faɗan nasu fiye da yadda za ta iya faɗa. Ita kaɗai iyayenta suka haifa. Mahaifinta ya rasu tana 'yar shekara tara, mahaifiyarta ta bi shi shekara uku da suka wuce. Aikinta na likitar dabbobi ne ya fara kawo ta Carrowby, ta zo duba wata tsohuwar goɗiya, ta tarar da wani dogon mutum cikin taɓo har gwiwa yana rarrashin dabbar kamar jaririya. Ta ɗauka mai kula da dawaki ne, ta yi ta aikensa ɗebo ruwa. Sai a zuwa na uku ta san shi ne magajin gidan. A lokacin kuwa zuciya ta riga ta tafi.

Babu wanda ya taɓa tambayarta asalinta. Mutanen nan ba sa tambayar mutum daga ina ya fito, a wurinsu rashin ladabi ne. Jan littafin nan mai kauri suke buɗewa a ɓoye su duba, wanda aka jera duk masu sarautar ƙasar da aure-aurensu a ciki. In ba su same ka ba, sai su yi maka murmushi su zuba maka shayi.

Ta fara da ɓangaren uba, masunta da malaman makaranta daga Cornwall. Alƙalami ya yi ta tafiya. Ta zo kan na uwa, ta ce Dokta Alec Tolhurst, likitan ƙauye a Norfolk, da matarsa Venetia.

"Venetia wa? Kafin ta yi aure."

"Ashcombe, in ban manta ba. Ina ƙarama ta rasu."

Alƙalamin ya tsaya. Gwaggo Minta ta cire tabarau ta goge, ta mayar, sannan ta tambaya da wata murya da Tamsin ba ta san ta da ita ba, "Mahaifiyarki fa... ya sunanta?"

"Rosamund."

Crispin ya daina tauna. Tsohuwar ta miƙe, ta ɗauko jan littafin daga kanta, ba ta ko nemi shafin ba don da kansa yake buɗewa a wurin. Aure uku Lod Carrowby ya yi. Ta biyu Ba'amurkiya ce da sanyin Yorkshire, yankin da gidan yake, ya kora bayan shekara huɗu, ta uku mahaifiyar Crispin ce, marigayiya. Ta farko kuwa ba a ambatarta a gidan nan ko da wasa. Gwaggo Minta ta ɗora yatsa a kan layin ta juya wa Tamsin littafin.

An rubuta cewa ya auri Venetia, 'yar Kanar Ashcombe, a watan Afrilun 1940, auren ya mutu a 1946, sun haifi 'ya mace ɗaya, Rosamund. A ƙasa ga sunan Crispin da ranar haihuwarsa da wata da shekara. Gaban sunan Rosamund babu komai, don littafin ba ya rubuta ranar haihuwar 'ya'ya mata.

Tamsin ba ta buƙatar littafi ya gaya mata. A 1943 aka haifi mahaifiyarta. Ta dubi 1940, ta dubi 1946, ta ga shekarar ta faɗa tsakiyarsu daram. 

Gwaggo Minta tana magana kamar daga nesa. Ta ce ita tana 'yar shekara bakwai aka tura ta Kanada gudun yaƙi, ba ta taɓa ganin yarinyar ba. Abin da aka gaya mata kawai shi ne Yaya ya tafi yaƙi ya bar amaryarsa da ciki, bayan ya dawo aure ya lalace, uwar ta tafi da 'yar, sabon miji ya ba ta sunansa.

"Wato mahaifiyata yayar Crispin ce," in ji Tamsin a hankali. "Shi kuma..."

Ba ta ƙarasa ba. Kalmar kawu ce ta kasa furtawa. Ta ɗauki jakarta ta fita.

A tsakar gida Crispin ya cim mata, tana ƙoƙarin sa makulli a ƙofar mota.

"Tamsin, tsaya mana... masoyiyata, ki dube ni."

"Kada ka kira ni haka."

"To me zan kira ki? Minti goma da suka wuce matata ce ke!"

"Minti goma da suka wuce ban sani ba. Yanzu na sani."

Ya ce ta jira Baba ya dawo daga kamun kifi a Scotland ranar Juma'a, a tambaye shi. Ta ce a tambaye shi me, ko 'yarsa 'yarsa ce? Ya miƙo hannu zai riƙe kafaɗarta, ta ja da baya da sauri har ta bugi motar. Wannan ja da bayan ya fi komai yi musu ciwo, su duka biyun, don ba ta yi niyya ba, jikinta ne ya yi da kansa. Ta zare zoben, wanda na mahaifiyarsa ne, ta ajiye a kan katangar dutse saboda ba ta iya sa shi a tafinsa.

"Ka gaya wa limamin coci kada ya karanta ta biyu," ta ce, ta shiga mota.

Kwana uku ta yi ba ta san a duniya take ba. Ta cire wayar gidanta daga bango. Tana fita aiki, ta yi wa shanu allura, ta ɗinke ƙafar kare, manoma suna mata barka da biki tana amsawa da murmushin da bai wuce leɓe ba. In ta dawo sai ta zauna a kicin da rigar aikinta. Abin da ya fi damunta shi ne son bai tafi ba. Ta ɗauka da ta san gaskiya zai mutu nan take, sai ga shi nan yadda yake, kuma yanzu kunyarsa take ji.

Ga kuma Kaka Alec, wanda ya koya mata ɗaure rauni a ƙafar 'yar tsana, wanda take alfahari ta gaji karkataccen ƙaramin yatsansa. Ashe shi ma ba nata ba ne? A yini ɗaya an ƙwace mata miji, an ƙwace mata kaka, an kuma rufe mata ƙofar gidan da ta fara kira gida.

A Carrowby kuwa, abin da suka fi iyawa suka yi, wato shiru. Gwaggo Minta ta hana a gaya wa Yaya, wai zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, a bari sai an samu lokacin da ya dace. Lod ya dawo ranar Juma'a da kifi biyu, aka ci abincin yamma ana zancen ruwan sama, ɗansa na juya cokali a faranti kamar mai zaman makoki. Da ya tambayi ina Tamsin, aka ce aiki ya riƙe ta. Da an bar su, da har yau suna jiran lokacin da ya dace. Limamin coci ne ya ɓata musu shiri, ya gamu da Lod a bakin gidan waya da safiyar Asabar, ya kama hannunsa yana masa jajen auren da aka fasa. Dole aka gaya masa komai.

Ƙarfe sha ɗaya aka ƙwanƙwasa ƙofar Tamsin a garin Ripon. Ta buɗe ta ga tsohon tsaye da sandarsa, da tsohuwar kwat ɗinsa mai faci a gwiwar hannu, ya rungume wani gwangwanin biskit a hammata. Shekararsa saba'in da takwas, amma bai taɓa yarda a ga ya sunkuya ba.

"Ranka ya daɗe..."

"In kin bar ni a tsaye zan faɗi, kuma ke likitar dabbobi ce, harbe ni za ki yi kamar dokin da ya karye. Akwai shayi?"

Mutanen nan ko gobara ake yi sai an dafa shayi. Ta ɗora buta, ya zauna a kujerar kicin yana kallon hotunan da ke jikin bango. Ya daɗe a kan guda ɗaya, na mahaifiyarta tana dariya a bakin teku. Ta ajiye masa kofi, ya zuba madara, ya juya, ya kurɓa.

"Tambaya ɗaya zan yi miki, yarinyata. Yaushe aka haifi mahaifiyarki?"

"Tara ga Satumba, 1943."

"Haka ne. Ranar Alhamis." Ya gyaɗa kai. "Minta ta tambaye ki wannan?"

Ta ce a'a. Ya ja wani ɗan tsaki, ya ce ya san ba za ta tambaya ba, shekara arba'in tana bauta wa littafin da yake ganin 'ya mace ba ta isa a rubuta ranar zuwanta duniya ba. Maza ne ke gadon sarauta, saboda haka nasu ake ƙidayawa har da rana. Mata kuwa wai ladabi ne a ɓoye shekarunsu.

Ya buɗe gwangwanin, ya fito da wani kati da ya yi ruwan ƙasa don tsufa, ya tura mata a kan tebur. Akwai hoton wani saurayi ramamme riƙe da allo mai lamba a ƙirji, da rubutu cikin Jamusanci, da hatimai.

"Na yi wa kakarki alkawari ba zan taɓa faɗin maganar nan da bakina ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma ban yi alkawarin ɓoye inda ni nake ba. Wannan katina ne na fursunan yaƙi. Duba ranar da aka kama ni."

Ta duba. Goma sha biyu ga Yuni, 1940.

"Yanzu juya baya, ki ga ranar da na fito."

Afrilu, 1945.

"Ban taka ƙasar nan ba a tsakani, ko na yini ɗaya. Ke likita ce, kin san watannin da ake ɗauka. Ƙidaya."

Tamsin ta san ya yi yaƙi, kamar kowane tsoho a ƙauyen, amma bai taɓa zancensa ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Ta kalli katin, ta kalli tsohon. Da gaske ta ɗaga yatsu ta fara ƙirgawa kamar 'yar aji ɗaya, daga arba'in zuwa arba'in da uku, ta sake daga baya, don tsoron kada farin ciki ya sa ta yi kuskure. Shekara uku da wata uku. A ƙirga na uku idonta ya sauka a kan karkataccen ƙaramin yatsanta.

"Kaka Alec..." ta ce.

"Ni ban ce komai ba," in ji Lod, ya mai da hankali kan shayinsa.

Wani abu da ya danne mata ƙirji kwana uku ya ɗaga gaba ɗaya. Ta kifa kai a tebur ta fashe da kuka, kukan ya juye dariya, dariyar ta koma kuka. Tsohon bai san yadda ake yi da mai kuka ba, ba a koya musu ba. Ya ciro hankicinsa ya ajiye kusa da hannunta, ya ɗan bubbuga bayanta sau biyu kamar yadda yake yi wa goɗiyarsa.

Da ta natsu, ya ba ta labarin, yana kiyaye harshensa yadda duk abin da zai faɗa a kansa ne shi kaɗai. Ya ce mako bakwai suka yi da aure ya tafi. An daɗe ana zaton ya mutu, har an yi masa addu'a a coci. Da ya dawo, ƙashi da fata, ya tarar da 'yar yarinya tana tatata a lambu, ta miƙo masa tuffar da ta riga ta gatsa. A dokar ƙasar, ɗan da aka haifa cikin aure na miji ne sai in mijin ya fito ya musa. Da ya musa, da jaridu sun yi ta yawo da sunan matarsa, yarinyar kuma ta tashi da sunan da ba a so a kira yaro da shi. Saboda haka ya yi shiru, ya bar littafi ya rubuta abin da ya ga dama.

Har laifin mutuwar auren shi ya ɗauka, yadda ake sa ran mai mutunci ya yi a zamanin. Lauya ya samo wata mata, suka tafi otal a bakin teku, suka zauna a ɗaki suna karta har mai shara ta shigo ta gan su ta zama shaida a kotu cewa shi ne ya ci amanar aure.

"Ta cinye ni wasa goma sha ɗaya," ya ce. "Wannan ne kaɗai abin kunyar da ya faru a ɗakin."

Tamsin ta yi dariya tana share hawaye. Ta tambaye shi ko bai ji haushi ba. Ya ce ya ji mana, shi ba waliyyi ba ne, ya yi shekara biyu ba ya son jin sunan Norfolk. Amma yana son Venetia, kuma ya ga yadda take kallon likitan nan, bai taɓa samun irin kallon ba. Sharaɗi ɗaya aka yi, ba zai nemi yarinyar ba, ba zai san inda take ba, don kada a raba mata hankali. Shi ya sa sunan Rowe bai ce masa komai ba.

Ya sake duban hoton bangon. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ta ji daɗin duniya?"

"Ta ji. Tana da yawan dariya, tana waƙa in tana wanke-wanke, ba ta iya ba amma ba ta bari."

"To madalla," ya ce, ya fyace hanci da ƙarfi ya ɗora laifin a kan mura.

Sannan ya nuna taga da sandarsa. A bakin titi ga tsohuwar motar gidan, Crispin na zaune a ciki ya dafe sitiyari da goshi. Lod ya ce shi ya tuƙo shi, amma bai gaya masa komai ba, ya ce masa ya jira kawai. "Ni bakina a ɗaure yake. Naki kuwa ba wanda ya ɗaure. Je ki, kafin ya cinye sitiyarin."

Ta fita ba takalmi. Crispin ya gan ta ya fito, ya tsaya nesa da ita, hannuwansa a aljihu don kada su yi abin da ba a so. Gemu ya fito masa, idonsa ya yi ja.

"Shekara nawa Baba ya yi a hannun Jamusawa?" ta tambaya.

"Biyar. Daga arba'in zuwa arba'in da biyar. Me ya kawo..."

"A arba'in da uku aka haifi Mama."

Ya tsaya yana kallonta. Ta ga leɓensa na motsi, shi ma ƙirgawa yake yi. Duk gidan sun san shekarun kurkukun, ita kuma ta san shekarar haihuwar, kowa ya rungume rabinsa ya tafi yana kuka a ɓoye.

"Gwaggo ta ce da ciki ya bar ta..."

"Gwaggo tana Kanada tana wasan 'yar tsana."

"Wato ni ba..."

"Kai ba kawuna ba ne. Ba ka zama komai nawa ba, Crispin. Bare ne kai, bare na gaske."

"Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba," ya ce. Wannan karon da ya miƙo hannu ba ta ja da baya ba. Ya rungume ta a tsakiyar titi yana cewa rabin raina, masoyiyata, matata, yana maimaitawa kamar mai biyan bashin kwana uku na kiran da aka hana shi. Zoben yana aljihun ƙirjinsa tun ranar Laraba. Ya ciro shi ya sa mata.

Ranar Lahadi limamin coci ya karanta sanarwa ta biyu. Kafin nan Lod ya shiga ofishinsa da katin, ya rantse a kan inda yake a shekarun nan, ba ƙari ba ragi, lauyoyi kuma suka ɗauki nasu aikin daga nan. Da limamin ya zo wurin da ake cewa duk wanda ya san abin da zai hana auren nan ya faɗa, Tamsin ta riƙe numfashi. Ba abin da aka ji sai tarin wani manomi a baya.

Gwaggo Minta ce ba ta huce ba. Ta yi yini guda ba ta yi wa yayanta magana, wai shekara arba'in ya bar ta tana kwafar ƙarya da kyakkyawan rubutunta. Ranar Litinin ta sake kiransu ɗakin karatu, ta warware takardar, ta ce za ta ja layi a kan sunan Rosamund, tunda ba jinin gidan ba ce. Kunya ce ke cinta, shi ya sa take faɗa. Tun shigowarsu take tura wa Tamsin farantin kek ba tare da ta dube ta ba.

Tamsin ta ga yadda hannun Lod ya matse kan sandar.

"Gwaggo, ki bar ta inda take," ta ce. "Shi ya ba ta wurin, bai kuma karɓe ba. Rana kawai za ki ƙara. Wanda ya iya ƙirga ya ƙirga."

Tsohuwar ta ce ba a taɓa yi ba, a shekara ɗari uku babu 'ya macen da aka rubuta wa rana a takardar nan. Crispin ya ce ai ɓarawon tumakin ma kafin shi ba a taɓa yin Lod Carrowby ba. Ta ce in bai yi shiru ba za ta rubuta nasa aibin a gefe. Sannan ta tsoma alƙalami ta rubuta a gaban sunan Rosamund, a hankali, tara ga Satumba, 1943. Ta ɗaga kai ta dubi kalandar da ke kan tebur. Ranar ce yau.

Lod ya miƙe ya jawo kwandon tuffar da ke danne gefen takardar, takardar ta naɗe kanta. 'Yan ƙanana ne masu ja da ɗigo-ɗigo, daga tsohuwar bishiyar bayan lambu. Tamsin ta tuna ranar da ta fara cin ɗaya a gidan nan, ta ce wa Crispin ɗanɗanonta na tuna mata yarinta, ya yi mata dariya.

Yanzu ta gane. Duk shekara, a farkon Satumba, wani kwali yana zuwa gidansu daga ofishin wani lauya, ba suna ba wasiƙa, cike da tuffa a naɗe cikin jarida. Mahaifiyarta takan ce tuffar baƙo ta iso, su zauna a kicin su ci har ciki ya yi ciwo.

"Kai ne..." ta ce.

"An ce kada in neme ta. Ba a ce kada in rama tuffar da ta ba ni ba." Ya gyara murya. "Shekara uku ke nan lauyan ya rubuto ya ce in daina aikawa. Ban iya dainawa ba, duk shekara sai na tsinka, in rasa wanda zan ba."

Ya miƙo mata kwandon da hannu biyu. Tamsin ta karɓa, ta zaɓi ɗaya ta goge a hannun rigarta, ta gatsa, sannan ta miƙa masa sauran.

"Ungo, Baba," ta ce.

Tsohon ya karɓa, ya juya ya fuskanci taga, ya daɗe a tsaye yana ci a hankali. Gwaggo Minta ta ɗauki buta ta zuba wa kowa shayi.